Sannu da Ƙoƙari, Masu Hamadar Aro

Mu mutanen Maraɗi ba mu iya godiya ba, kuma ya kamata a faɗa mana. Ga bayin Allah can ƙetaren teku sun shafe shekara hamsin da ɗoriya suna fama da rairayi. Wasu sun karye, wasu sun tsine wa aikin hannunsu, wani ma ya mutu bai ga ko hoto ɗaya ba, duk don su nuna wa duniya yadda mutanen hamada suke rayuwa. Amma har yau ba mu tashi ko ɗan aike da goro ya je ya yi musu sannu da aiki ba. To, ni na ɗauki wannan nauyi a madadin Bagalam da Mokoyo da Sabon Gari, da Tibirin Gobir, da manoman Jiratawa, ko da yake babu wanda ya aike ni.

Maganar Dune nake yi, ƙagaggen labarin kimiyya da Ba'amurke Frank Herbert ya fitar a 1965. Kamfanonin ɗab'i wajen 20 suka ƙi karɓarsa, sai wani mai suna Chilton, wanda aka sani da buga littattafan gyaran mota, ya tausaya masa. Herbert ya rubuta littafi 6 a jere kafin mutuwarsa a 1986, ɗansa kuma ya ci gaba da tatsar gadon. Labarin ba shi da wuya. Akwai wata duniya mai suna Arrakis, babu komai cikinta sai rairayi da zafi da tsutsotsi masu tsawon mita 400. Amma a cikin rairayin akwai wani gari da suke kira yaji, wanda in babu shi jiragen sauran duniyoyi ba sa iya tafiya. Manyan gidajen sarauta na nesa suna karɓa-karɓa wajen kwasarsa, ƴan ƙasa kuwa, waɗanda ake kira Fremen, suna cikin kogo suna lissafin ɗigon ruwa, har ɗan wani sarki baƙo, jarumin labarin, ya zo ya zama mai cetonsu. Wanda ya taɓa hawa motar Arlit ya yi shiru tukuna, za mu zo wurin.

Na farko da ya sayi izinin mayar da littafin fim, Arthur Jacobs, ya saya a 1971 ya mutu a 1973, ya huta. Sai gwanin gwanaye, Alejandro Jodorowsky mutumin Chili, ya karɓi aikin a Faransa a 1974. Wannan shi ya fi cancantar kirari, domin da bakinsa ya faɗa cewa lokacin da ya zaɓi littafin bai karanta shi ba, wani abokinsa ne ya ce masa yana da daɗi. Ina ruwan gwani da karatu? Ya tara masu zane a Paris, aka zana masa hoto wajen 3,000, fim ɗin tun daga farko har ƙarshe a kan takarda. Ya nemi mai zanen nan Salvador Dalí ya fito a matsayin sarkin sarakuna, Dalí ya ce sai dalar Amurka 100,000 kowace awa, aka zauna ciniki. Ya lallashi Orson Welles da alkawarin ɗauko masa kukun gidan abincin da ya fi so. Ɗansa na cikinsa, yaro ɗan shekara 12, ya sa aka horar da shi faɗa shekara 2 cur don ya fito a jarumi. Tsawon fim kuwa tsakanin awa 10 da 14, wato ka shiga silima bayan sallar asuba, ka fito an idar da isha'i. An kashe wajen dalar Amurka miliyan 2, ba a ɗauki ko daƙiƙa ɗaya ba.

A nan baiwar take, domin fim ɗin da ba a yi ba babu mai iya kushe shi. Har yau masana suna ambatonsa da girmamawa, a 2013 ma aka yi wani fim sukutum a kan rashin yinsa. Albarkar ba ta tsaya nan ba. A Nuwamban 2021 wasu matasa masu kuɗin intanet suka sayi kwafi ɗaya na littafin zanen a gwanjon Christie's da ke Paris kan yuro miliyan 2.66, sama da miliyar 1 da miliyan 700 na sefa, alhali masu gwanjon ba su sa ran ya wuce yuro 35,000 ba. Suka yi shelar za su yi fim da shi. Daga baya duniya ta tuna musu cewa sayen littafi daban, sayen izini daban.

David Lynch ya fi su zuciya, shi ya gama nasa. Ya kwashi jama'a zuwa Meksiko a 1983, fim ya fito a 1984, ya ci wajen dalar Amurka miliyan 40, ya dawo da wajen 31 a Amurka. Don tausayin ƴan kallo, a wasu gidajen silima aka riƙa raba musu takardar bayanin kalmomi a bakin ƙofa, su karanta a cikin duhu. Lynch ya nesanta kansa da aikin, har ya cire sunansa daga doguwar sigar da aka nuna a talabijin. Amma ni ba zan bari a manta da kyautar da ya yi mana a ƙarshen fim ba: jarumi ya ci yaƙi, ya ɗaga kai, sai ga ruwan sama kamar da bakin ƙwarya a duniyar da ba a taɓa yin ruwa ba. A littafin, ruwa guba ne ga tsutsotsin da ke samar da yajin, wato da wannan ruwa guda jarumin ya kashe arzikin da aka yi yaƙin dominsa. Wannan ƙaramar magana ce. Mu da muke fita fili roƙon ruwa in damina ta yi jinkiri, yanzu mun gane abin da muka rasa: ɗan sarkin baƙi mai kyakkyawan gashi.

A 2000 wani gidan talabijin na Amurka ya yi nasa kashi uku, a cikin ɗakunan ɗaukar fim na birnin Prag, hamadar kuma hoto ce a jikin ƙaton ƙyalle. Mai ɗaukar hoton, Vittorio Storaro, ya san ta gaske, domin shi ya ɗauki The Sheltering Sky na Bertolucci, wanda ya fito a 1990 kuma aka ɗauki wani sashensa a Nijar. Ya gan ta da idonsa, ya ga ta ƙyalle ta fi ladabi, ba ta shiga ido, ba ta ɓata na'ura. Kamfanin Paramount kuma ya riƙe izinin daga 2008 zuwa 2011, ya sauya daraktoci biyu, ya ajiye. Shi ma Allah ya ba shi ladan niyya.

Sai ɗan Kanada Denis Villeneuve ya zo ya share wa kowa hawaye. Kashi na ɗaya, 2021, dalar Amurka miliyan 165, sama da miliyar 90 na sefa. Ya dawo da fiye da miliyan 400 da kyautar Oscar 6. Kashi na biyu, 2024, miliyan 190; ya dawo da fiye da miliyan 700. Tunda an ci riba, dole mu yarda an yi daidai. Hamadar wannan karon ta gaske ce: Wadi Rum a Jodan, Liwa a Abu Dhabi, wani ɗan yanki a Namibiya, sauran a ɗakunan Budafes. Kada wani ya ce ina Tenere, ina Abzin. Za a ce tsaro, kuma gaskiya ne, Allah ya kawo mana sauƙi, ko da yake a 1983 da Lynch ya nufi Meksiko motocin tseren Paris–Dakar suna ratsa Tenere. Dalili na gaskiya ya fi wannan tsabta. A lokacin da aka ɗauki fim ɗin, Abu Dhabi da Hangari suna mayar wa mai fim kashi 30 cikin 100 na abin da ya kashe a ƙasarsu. Hamadar da ta iya mayar da canji ita ce hamada. Tamu rairayi kawai gare ta, da mutane.

Mutanen ma an hutar da su. Herbert ya gina Fremen ɗinsa da kayan Larabawan ƙauye da na Buzaye da na Musulmin Kaukasus: rawani da lulluɓi, Mahadi, aljanu, azabar ƙishirwa. Da aka zo rabon aiki, shugaban ƙabila ya zama Javier Bardem na Sifaniya, budurwar hamada ta zama Zendaya ta Kaliforniya, mai ceto kuwa Timothée Chalamet na New York. Kamar a yi biki a gidanka ne, a ari tabarmarka da tukunyarka da sunan kakanka, a ce ka tsaya a ƙofa ka leƙa don kada ka gaji. Kuma kada a yi musu ƙazafi a ce sun manta da yankinmu. Akwai Babs Olusanmokun haifaffen Legas, wanda ya fito a Jamis, ɗan ƙasa na farko da ya miƙe ya ce bai yarda da baƙon yaron nan ba. An girmama shi ƙwarai: shi ne mutum na farko da jarumi ya soke da wuƙa don ya zama namiji, aka naɗe gawarsa, a kashi na biyu aka tatse ruwan jikinta aka zuba a rumbun ƙabila. Wace karramawa ta wuce a sha ka?

Mun kuma ƙaru da ilmi. Da muna zaton mai shiga rana a watan Afrilu yakan rufe kansa, ashe kuskure ne tun daga kakanni. Taurarin Dune suna yawo tsakiyar hamada kai a buɗe, gashi yana kaɗawa, leɓe bai tsage ba, domin fuskar da aka biya miliyoyi a kanta ba a naɗe ta da rawani. Mun koyi cewa a wurin mutanen rairayi babbar gaisuwa ita ce ka tofa yawu a gaban sarki, tunda ka ba shi ruwan jikinka. Duk wanda ya gamsu da wannan darasi, ga fadar Sarkin Gobir nan a Tibiri, ba nisa, kabu-kabu ma zai kai shi. In ya dawo ya ba mu labari.

Babban tausayin da suka yi mana shi ne na kalmar jihadi. Herbert ya cika littafinsa da ita, domin a kanta labarin yake tafiya. Masu fim ɗin Villeneuve suka cire ta tas. A tallan farko na 2020 suka sa yaƙin salibi a gurbinta, a cikin fim kuma suka ce yaƙi mai tsarki. Mahadi dai sun bar shi, yana da daɗin ihu. Suka ƙara da abin da babu a littafi: suka raba Fremen gida biyu, ƴan arewa wayayyu masu shakka, ƴan kudu masu tsattsauran ra'ayi da ke faɗuwa ƙasa da zarar baƙo ya yi tari. Mu ma dai a kudu muke, mun gode.

Ina mutumin Maraɗi zai iya ɗaukar irin wannan nauyin magana? Garin da sarautarsa ta zauna a nan saboda Katsina ta faɗi a 1807 a jihadin Shehu Usmanu, har Ɗan Kasawa ya tattara waɗanda suka tsira a bakin gulbi. Ina Bagobirin Tibiri zai gane ta, shi da Alƙalawa ta faɗi a 1808, kuma sai bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Mayaƙi ya kafa masa sabon gari? Shekara 200 ke nan ana ba da labarin nan ta fuska biyu. A Sakkwato nasara ce da gyaran addini, a nan ƙaura ce da riƙon gado, kuma jikokin ɓangarorin biyu suna cin kasuwa ɗaya, suna auren juna, suna sallah sahu ɗaya. Mutanen da suka san abin da irin wannan yaƙi yake haifarwa ta gaba da ta baya, su ne aka ga ya dace a tace wa labari kamar kunun jariri. Haka kuma ba mu san mutanen hamada suna iya tashi da kansu ba. Kawusan, wanda ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas daga Disamban 1916 zuwa Maris 1917, ya yi gaggawa. Da ya jira ɗan wani sarki ya sauko daga duniya mai teku ya koya masa dabarun yaƙi, da wataƙila yanzu yana da fim.

Herbert ya sha faɗa cewa gargaɗi ya rubuta a kan bin jarumi ido rufe. Da ya ga masu karatu sun ƙaunaci yaron, sai ya rubuta littafi na biyu inda yaƙin mai ceton ya ci rai biliyan 61. Villeneuve ya san da haka, kuma ya yi adalci: a kashi na biyu, fim mai awa 2 da minti 46, ya ɗora gargaɗin gaba ɗaya a kan goshin yarinya ɗaya, tana ɗaure fuska tana harara, a ƙarshe ta yi fushi ta tafi. Sauran lokacin kiɗa ne mai girgiza ƙirji, da jarumi a kan tsutsa, da dubban mutane suna kiran sunansa. Matasan fadarmu sun karɓi gargaɗin hannu biyu, kowa yana so ya zama shi. A Amurka kuwa abin da ya fi tashe shi ne bokitin gugguru mai siffar bakin tsutsa, ka zura hannu ka ɗebo. Littafin da ya yi kuka da masu kwasar arzikin hamada ya kai matsayin da ake cin gugguru daga bakinta. Ina marubucin da ba zai yi alfahari ba?

Yanzu mai motar Arlit ya iya magana. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a can, kamfanin ya yi ta sauya suna, Cogema, Areva, Orano, kamar yadda gidajen sarauta suke karɓa-karɓa a Arrakis. Mahaƙar Cominak ta rufe a Maris 2021, shekarar da kashi na ɗaya ya fito, ta bar tarin dusa mai guba wajen tan miliyan 20 a gefen gari. Fitilun Faransa sun sha haske, a Nijar kuwa kusan mutum ɗaya cikin biyar ke da wutar lantarki. Amina Weira, ɗiyar wani ma'aikacin mahaƙar, ta yi fim a kan wannan a 2016, La Colère dans le vent, amma ta yi sakaci, ba ta sa tsutsa ko ɗaya ba, don haka ba ta da bokiti. Kashi na biyu na Dune ya fito a Maris 2024, daidai muna cika wata 7 da yanke wutar da ke zuwa mana daga Katsina ta Gazawa, hukuncin da ya biyo juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Villeneuve ya taɓa kwatanta kallon fim ɗinsa a talabijin da tuƙa jirgin ruwa mai gudu a cikin bahon wanka. Ya yi haƙuri da mu, talabijin ma ba mu kai ba. A waya muka gani, daga wurin masu turi, kai huɗu a kan allo ɗaya, ana addu'ar kada caji ya ƙare kafin a ƴantar da hamada.

Gwanintar da ta fi burge ni ita ce ta sanin abin da za a zubar. Asalin littafin ba daga yaƙi ya fito ba. A 1957 Herbert ya je gaɓar Oregon don ya rubuta rahoto a kan yadda ma'aikatan gona suke dasa ciyawa su tsayar da tudun rairayi da ke cinye hanya da gidaje. Daga nan tunanin ya tsiro, shi ya sa a littafin babban burin Fremen shi ne su dasa, su tara raɓa, su jira zuriya bayan zuriya har ƙasa ta yi kore. Masu fim suka duba suka ga wannan ba ya sayar da tikiti, suka taƙaita shi zuwa ƴan jimloli da ɗan tsiro a tukunya. Sun yi gaskiya. Wa zai biya kuɗi ya kalli mutum yana sassabe?

Mu shaida ne, domin a nan aka yi abin. Tun bayan yunwar 1984, manoman jihar Maraɗi da na Damagaram suka daina tumɓuke kututture, suna zaɓar tsiro biyu ko uku su bari, su datse sauran, abin da ake kira sassaben zamani. Gawo da kalgo da sabara suka dawo gonaki. Masu bincike sun ƙiyasta kadada miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, babu tsutsa, babu Mahadi, sai adda da haƙuri da rigima da mai sarar dare. A Jiratawa, tun farkon shekarun 1980 ake jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa ana shayar da kadada wajen 500, zogalen wurin yana kaiwa har Yamai, kuma ranar da wuta ta ɗauke injin ya tsaya, manomi ya san lissafin ɗigon ruwa fiye da kowane Fremen. Duk wannan ba labari ba ne. Da Allah ya sa aka yi masa fim, Bajamushe Volker Schlöndorff ne ya yi, ya kuma raɗa masa suna The Forest Maker, wato mai yin daji, mutum ɗaya: Tony Rinaudo na Ostireliya, wanda ya zauna a Maraɗi ya yaɗa dabarar. Rinaudo ya yi aiki na gaske, kuma shi kansa yakan ce manoma ne suka yi. Amma doka doka ce, ko daji ne sai an samo masa ɗan sarki daga nesa.

Kada yabo ya ƙare a kan baƙi, mu ma muna da rabonmu. Ƙasar da Oumarou Ganda ya ciyo wa babbar kyautar FESPACO ta farko a 1972, ƙasar da Moustapha Alassane yake motsa zane ya zama fim tun shekarun 1960, ta nuna ta san darajar littafi. Abdoulaye Mamani ya rubuta Sarraounia a 1980, labarin sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, waɗanda ajalinsu ya same su a nan jiharmu, wajen Maijirgi. Da Med Hondo ya zo mayar da shi fim, aka yi ta jan ƙafa har ya kwashe kayansa ya tafi Burkina Faso, ya ɗauka a can, ya ci kyautar FESPACO a 1987. Ashe hamadar aro ba Holiwud ta fara ba.

Saboda haka ina roƙon alhazan Maraɗi, masu tireloli da manyan shaguna, da masu shirya fim na nan da na Kano, ku ci gaba da haƙurin da kuka saba. Akwai wani ɗan littafi, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda aka buga a Zariya a 1969, shekara 4 kacal bayan Dune, labarin yaron da aka ɗauka aka yi yawo da shi a sararin samaniya, da Hausa tsantsa. Kada wanda ya kuskura ya sa ko tamma a kansa. Ku bar shi inda yake, wata rana wani zai zo daga ƙetare ya sayi izinin ba tare da ya karanta ba, ya ɗauka a Abu Dhabi, ya ba ɗan wani suna Bahaushe. Ku dai ku tanadi caji.